Bikilina bai san komai ba sai gudu ko tsayawa cak: yaya ake koya wa doki ƙaramar sukuwa?

Mai Bikili, Sabon Gari:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara nake nema a kan dokina. Ingarma ne bikili, shekararsa shida, bara na saye shi daga wajen Tanut. Lafiyarsa lau, ga ci ga kyan gashi. Amma abu biyu kaɗai ya sani a duniya: ka taɓa shi da dunduniya ya fizga a guje kamar an harba kibiya, ka ja linzami ya zame ya tsaya cak. Tsakanin waɗannan biyun babu komai. Ni kuwa tun da na kalli wasan dawakin Olamfik na 2024, wanda aka yi a lambun fadar Bersai ta Faransa, abin ya tsaya mini a rai. Diresaj suke kiransa. Doki yana sukuwa amma a hankali, kamar yana rawa, mahayin ko motsi ba ya yi. Na gwada kewaye da shi a fili bayan gari, ga bidiyon nan na tura. In mun juya dama da sauƙi, in mun juya hagu sai ya karkace ya faɗo ciki kamar moto a kwana, ni kuma ina ta bubbuga a kan sirdi. Ta ina ake farawa?

Ɗan Sukuwa na Karkada:
Wa alaikumus salam. Ikon Allah! Mutane na kashe kuɗi dokinsu ya ƙara gudu, kai kana neman mai rage wa naka. Sayar mini da shi kawai in kai shi filin sukuwa, ka sayi jaki, shi ba sai an koya masa tafiya a hankali ba.

Mai Bikili:
Yaya, ka bari mana, da gaske nake.

Ɗan Rabat:
Ƙanena, na kalli bidiyon sau uku. Lokacin da nake karatun noma a Rabat na yi shekara biyu ina zuwa wani gidan koyon hawa, abin da na tsinta a can shi zan ba ka, ba wai ni gwani ba ne. Da farko ka rufe ido ka saurari bidiyonka. Abin da Faransawa ke kira galo, wanda kake nufi da ƙaramar sukuwa, bugu uku ne: ta-ta-dam, sai ɗan shiru, ta-ta-dam. In doki yana galo a kan hagu, ƙafar baya ta dama ce ke fara sauka, sai ƙafar baya ta hagu da ƙafar gaba ta dama su sauka tare, sai ƙafar gaba ta hagu ta miƙa ta sauka ita kaɗai, sannan dukan huɗun su bar ƙasa na ƙiftawar ido. Sukuwar tsere kuwa bugu huɗu ce, domin ƙafafun nan biyu masu sauka tare sun rabu.

To naka, in kun juya hagu, da ƙafar dama yake ja gaba. Shi ya sa yake karkacewa. Kuma a wajen daƙiƙa ta 40 ya sauya ƙafafun gaba bai sauya na baya ba, gaba na hagu baya na dama. Nan ne ka ji kamar ana murɗa maka ƙugu, ko ba haka ba?

Mai Bikili:
Wallahi haka ne, har yanzu ƙuguna bai sake ni ba.

Likitar Dabbobi:
Kafin a shiga zancen horo, ɗan'uwa, bari in sa baki a fannina. Dokin da ke ƙin galo a gefe ɗaya, ko yake rarraba gaba da baya, sau da yawa ciwo ne ke magana, ba taurin kai ba. Ka cire sirdi bayan hawa, ka bi gadon bayansa da yatsu kana dannawa a hankali gefe da gefen ƙashin baya. In ya lotsa ko ya kwantar da kunne, akwai magana. Ka duba doron kafaɗarsa ko akwai farin gashi, tabon sirdi ke nan. Ka sa wani ya ja shi da sassarfa a ƙasa mai tauri, kai ka tsaya a baya ka ga ko ƙugu ɗaya ya fi ɗaya sauka. Sai kuma baki. Haƙoran doki suna ta fitowa har tsufansa, kuma muƙamuƙin sama ya fi na ƙasa faɗi, saboda haka gefen turamen sama yakan yi kaifi ya riƙa yankar kumatu daga ciki. Ana goge shi da magagari na musamman. A bidiyon nan na ga bakinsa a buɗe tun daga farko har ƙarshe, kuma kumfar da ke zuba kamar da ja-ja a cikinta. Wane linzami ka sa masa?

Mai Bikili:
Namu na gida ne, Hajiya, mai zobe a haɓa. Da shi aka sayar mini da shi.

Ɗan Rabat:
To ga rabin amsar nan. Da wannan linzamin ba za ka iya riƙe bakin doki a hankali koyaushe ba, domin ja kaɗan ƙarfen ciki ya soki ganda, zoben ya matse haɓa. Dole ya ɗaga kai sama ya lotsa baya, ƙafafun baya su tsaya can a baya. Diresaj kuwa akasin haka ake nema: baya ya ɗago, ƙafafun baya su shigo ƙarƙashin ciki su ɗauki nauyi, gaba ya yi sauƙi. Ka nemi linzami mai laushi, wanda ake kira file, ƙarfe biyu haɗe a tsakiya da zobe a kowane gefe.

Tsoho na Birni:
Jikana ne ke rubuta mini, ni faɗa nake yi. Na ji duk abin da kuka ce. Yaro na Rabat, ka yi karatu, Allah ya ƙara sani, amma kada ka ɗora wa linzaminmu laifin da ba nasa ba. Da shi aka hau dawakin Damagaram tun kafin Sarki Tanimun ya zagaye Birni da ganuwa. Ni na tashi a barga, ina ɗan shekara tara nake kwasar kashi da yankan ciyawa. Na ga dawakin da ke sukuwa a ƙofar fada ranar salla, daga nan zuwa can taku ashirin sai su ɗauki lokacin da za ka karanta Fatiha sau uku, ga algaita ga kakaki a kansu ba su firgita ba. Wane Bature ya koya musu? Abin da kuke kallo a waya mun gan shi da idonmu.

Ɗan Sukuwa na Karkada:
Baba ya iso, a gyara zama.

Ɗan Rabat:
Allah ya ja kwana, Baba. Ban raina na gida ba. Amma ai kai ma ka ga yadda yara ke fito da dawaki da yammacin salla baki duk jini.

Tsoho na Birni:
Na gani, kuma ba na kallon hawa yanzu saboda haka. Hannun ne ya lalace, ɗana. Bari in gaya maka yadda aka yi mana. Maigidana, Allah ya jiƙansa, sai da na shekara biyu ina kai dawaki shan ruwa da ragama kawai kafin ya bar ni in taɓa kamazuru. Ranar da ya yarda in hau da linzami, sai ya kwance kamazurun daga ƙarfen, ya ɗauko zaren saƙa, irin wanda mata ke kaɗawa da mazari, ya ninka shi biyu ya ƙulla tsakanin kamazuru da linzami, gefe da gefe. Ya ce in je ƙilisa in dawo. In zaren ya tsinke in sauka in jawo dokin da ƙafa har gida, kuma kowa a unguwa ya san abin da ya faru. Sau bakwai ina dawowa a ƙasa, yara na bina da dariya. A na takwas na gane da cinya da zama ake tsayar da doki, yatsa tuni ne kawai. Yau wa ke da wannan haƙurin? Yaro ya sayi doki ranar Alhamis a kasuwa, Juma'a ya ɗaura ƙaimi.

Ɗan Rabat:
Baba, na sara maka. Wannan zaren naka shi ne abin da malamina na can ya yi wata shida yana ƙoƙarin cusa mini. Kuma gaskiyarka, manyan mahayan diresaj ma linzami biyu suke haɗawa a bakin doki, ɗaya mai laushi ɗaya mai kaifi da sarƙa a haɓa. Sai dai ba a sa wa doki shi sai ya yi shekaru yana koyo da mai laushin, kuma ba a ba ɗan koyo. Ƙanenmu ɗan koyo ne, dokinsa ma ɗan koyo ne. Makaho bai ja makaho.

Tsoho na Birni:
Wannan kam na yarda. A ba shi mai laushin har hannunsa ya yi hankali.

Baduku na Zango:
Sallama. Tun da an taɓo sirdi. Mai Bikili, na gane sirdin da ke cikin bidiyonka, irin na kwalliyar salla ne, an yi shi don mutum ya zauna daram tsakanin gaba da baya ko doki ya zame ba zai faɗi ba. Ba ya barin ƙugu ya bi doki. Kuma ka matsa shi gaba ƙwarai, ya hau kan kafaɗa. Ka ja shi baya, ka bar faɗin tafin hannu tsakanin bauji da hammatarsa. Ka kawo mini shi in duba huhun, in ya kwanta gefe ɗaya a sake cusa shi. Likkafarka kuma ta yi gajarta, gwiwarka na neman haɓarka.

Mai Bikili:
Na gode Kawu, gobe in sha Allah bayan la'asar. Yaya na Rabat, a ce an gyara baki da sirdi, sai me?

Ɗan Rabat:
Sai ka manta da galo na sati biyu. Na san ba abin da kake son ji ba ne. Ka sami fili mai rairayi kaɗan, ba mai zurfin da kofato ke nutsewa ba, ba kuma tsandauri ba. Kafa turke, ɗaura igiya mai mita 10, ka zagaya kana zuba toka kamar masu shata filin ƙwallo. Ka sami da'ira mai faɗin mita 20 ke nan, daidai faɗin filin gasa, wanda yake mita 20 a faɗi, 60 a tsawo. A kan tokar nan za ku zauna: tafiya, sassarfa, tafiya, tsayawa, sassarfa. Kowane taku goma ko goma sha biyu ka sauya. Abin da kake koya masa shi ne ƙafarka ba ta nufin a tsere, tana nufin a ƙara mataki ɗaya kawai. Ka cire ƙaimi gaba ɗaya. Kafin kowane sauyi ka miƙe zamanka, ka matse yatsu a kan kamazuru kamar mai matse ruwa daga soso, ka saki nan take. Sakin ya fi matsewar muhimmanci. Wannan ne ke gaya masa ya tattara kansa, wani abu na zuwa.

Ranar da ya iya sassarfa a da'ira ba ya sauri, wuyansa ya sauko da kansa yana huci a hankali, to sai ka nemi galo. A kan hagu: ka zauna, ƙafarka ta hagu a kan bauji, ta dama ka ja ta baya da faɗin tafin hannu, nauyinka ya ɗan fi a ɗuwawun hagu, hancinsa ya ɗan leƙa ciki har ka hangi gefen idonsa na hagu, sai ka taɓa. Kada ka duƙa gaba kana leƙen ƙafarsa, nauyinka zai danne kafaɗar da kake son ta tashi. In ya tashi daidai ka ƙirga taku shida ko takwas, ka mayar da shi sassarfa tun kafin ya tuna da gudu, ka shafa wuyansa. In ya tashi da ƙafar da ba ita ba, babu duka, a koma sassarfa a sake. Galo ba ya gyaruwa da yawan galo, a wajen shiga da fita yake gyaruwa, domin takun farko ƙafar baya ce ke ɗaga dukan jiki. Ashirin gajeru sun fi zagaye ashirin a jere.

Ɗan Sukuwa na Karkada:
Taku shida! Ni a taku shida ban ma gama gyara hula ba.

Likitar Dabbobi:
Ka ƙara da lokaci. Ga zafi na shigowa, a watan Afrilu da Mayu garin nan ya saba wuce digiri 40. Bayan asuba, minti 20 zuwa 30 sun isa, minti goman farko tafiya ce zalla. Kewaye yana cin gaɓoɓi fiye da miƙaƙƙiyar hanya, saboda haka ka riƙa sauya hannu, kada ka yi kwana biyu a jere kana matsa masa a da'ira. Doki mai aiki a wannan yanayi bido biyu na lita 25 ba su yi masa yawa a yini ba, na san kuma halin ruwa a Zinder, sai ka shirya da mai kawo maka tun yanzu. A ajiye masa gishiri ya lasa, zufar doki gishiri take kwashewa sosai.

Tsoho na Birni:
A ƙara da wannan. Sau biyu a bakwai a bar da'irar nan a fita daji a hau tudun rairayi da tafiya, ba da gudu ba. A hau a sauko, a hau a sauko. Cinyar doki a tudu ake gina ta. Kuma kada ka taɓa sakin doki a guje fuskarsa na kallon gida. In za ka yi sukuwa yi ta kana barin gari, dawowa da tafiya. Dokin da ya saba tsere zuwa turkensa ya gama lalacewa.

Mai Bikili:
Salamu alaikum, kwana tara ban leƙo ba, ga dalili. An goge haƙoran, an sami gyambo a gefen harshe, na bar shi ya warke. Kawu ya gyara sirdi. Na sami file wajen wani da ya kawo daga Kano. Kwana uku muna da'ira lafiya lau, sai zuciya ta ce mini ai ya gyaru. Ranar Lahadi na fita da shi hanyar Mirya, a dawowa wani mai moto ya wuce mu yana matsa oda. Bikili ya ɗauke ni. Na ja, na ja, kamar ina jan kuka. Ga gudron a gabanmu ga manyan motoci. Sai na tuna da da'ira na jawo kamazurun hagu kaɗai, ya karkata cikin wata gona, ya yi tuntuɓe a kunya, na wuce ta kan wuyansa na sauka cikin ƙarangiya. Ban karye ba, alhamdu lillahi, kafaɗa ce ta gurɗe. Shi kuwa ya tsaya can yana cin kara abinsa. Har dare ƙanwata na cire mini ƙaya a baya.

Ɗan Sukuwa na Karkada:
Sannu, Allah ya ƙara kiyayewa. Amma don Allah babu wanda ya ɗauki bidiyon wannan? Shi ne diresaj ɗin da nake son gani.

Tsoho na Birni:
Sannu jikana. Fuskarsa ina take kallo?

Mai Bikili:
Gida, Baba.

Tsoho na Birni:
To.

Ɗan Rabat:
Sannu ƙanena. Har da laifina, ban faɗa maka ƙarara ba: dokin da ya shekara uku yana tsayawa don tsoron zobe, in ka cire zoben ba shi da birki sai wanda ka koya masa sabo, kuma ba a kwana uku ake koyonsa ba. File a cikin fili kawai tukuna. Kuma ka sayi hular kwano, ko ta masu moto ce. Kafin kafaɗar ta warke ka yi aiki daga ƙasa: doguwar igiya mita 8, kai a tsakiya shi yana zagaye, kana ba shi umarni da murya. Kalma ɗaya ta galo, kalma ɗaya ta sassautawa, kada ka sauya su. Ba tare da nauyinka ba zai fi saurin gano ƙafar hagunsa.

Game da gaggawa kuma: wadda ta ci zinare a Bersai ɗin da ka kalla, Bajamushiya Jessica von Bredow-Werndl, dabbar da ta hau, Dalera, shekararta 17 a lokacin. Sauyin ƙafa 15 a jere da ka gani suna yi a kowane taku kamar masu tsalle-tsalle, aikin shekaru ne masu yawa. Kuma goɗiya ce.

Ɗan Sukuwa na Karkada:
Goɗiya? Mace a kan goɗiya ta ci duniya? A nan ka hau goɗiya ranar salla ka ga yadda za a yi da kai a Birni.

Likitar Dabbobi:
Sai ka jure, Malam, haka abin yake. A wasan dawaki na Olamfik maza da mata gasa ɗaya suke shiga.

Baduku na Zango:
Ni tambayata, dawakinsu ai ƙatti ne. Namu zai iya kuwa?

Ɗan Rabat:
Nasu sukan kai mita 1 da santi 70 a kafaɗa, namu da wuya ya wuce mita ɗaya da rabi, kuma ba zai yi irin dogon takun nan mai lilo ba. Amma gajeren baya da saurin tattara ƙafafu namu ya gada, dangin dawakin Barbar ne na Arewacin Afirka. Dubi yadda suke zamiya su zauna a kan cinya. Ƙarfin yana nan, a firgice kawai suke ba da shi.

Mai Bikili:
Barkanmu da Juma'a. Yau sati biyar da faɗuwata, sati biyu da komawa kan sirdi. Ga sabon bidiyo. A hagu yana tashi daidai sau bakwai cikin goma, yau na ƙirga taku goma sha biyu bai ƙara sauri ba, har na ji ta-ta-dam ɗin da kunnena. Abin mamaki yanzu dama ce ta koma matsala, yana jefa ƙugunsa ciki yana tafiya a karkace kamar kare.

Ɗan Rabat:
Madalla, wannan doki daban ne da na farko. Karkacewar ba sabuwa ba ce, gudu ne ya ɓoye ta. Kada ka tura ƙugun waje da ƙafa, kafaɗun za ka kawo ciki kaɗan su daidaita da shi: hannuwanka biyu su matsa dama da faɗin yatsa biyu, ƙafar dama a kan bauji. Ka fara a sassarfa. Sannan ka shata wata da'irar mai mita 15 a cikin ta farko, ka riƙa shigowa a hankali kana fita da turin ƙafar ciki. Ƙasa da 15 ba yanzu ba. In kana so ka ajiye gora ɗaya a kan layin toka ya riƙa tsallakawa cikin galo, tana sa shi ɗaga baya. In ya saba ka ƙara ta biyu, tazarar kamar mita 3 ko ƙasa kaɗan tunda ba dogo ba ne, ka duba sawunsa a rairayi ka gyara. Galo a kan ƙafar waje da gangan, da tashi daga tafiya kai tsaye, waɗannan sai bayan damina mu yi zancensu.

Mai Bikili:
To ga wata. Abokaina sun matsa sai na fito da shi hawan salla, wai an riga an ɗinka mana kaya iri ɗaya.

Ɗan Rabat:
Ni dai a'a. Yini ɗaya cikin kiɗa da harbin bindiga da dawaki suna tsere ta kowane gefe, dole ka mayar masa da zobe, aikin wata biyu ya zube.

Ɗan Sukuwa na Karkada:
Haba! Doki a Damagaram bai fita salla ba, to amfaninsa me? Ka ajiye shi yana zagaya toka kamar mai neman kuɗin da ya ɓata?

Tsoho na Birni:
Ku dakata. Ban ce ya fita ba, ban ce kada ya fita ba, sai na ga hannun yaron da idona, waya ba ta nuna mini yatsu. Jikana zai kawo ni a moto ranar Litinin bayan asuba. Ina ne filin?

Mai Bikili:
Allah ya ƙara girma, Baba. Bayan makarantar da ke ƙarshen unguwarmu, wajen manyan duwatsun nan, zan tsaya a bakin hanya in tare ku. Me zan tanada?

Tsoho na Birni:
Tabarma da shayi. Zaren ni zan zo da shi.